Muryar Ubangiji ta bakin da ba ka zata ba

Yawancin masu bi da ke kukan cewa Ubangiji ya yi musu shiru, in ka zauna da su ka bi maganar daki-daki, za ka tarar an riga an yi musu magana. Sai dai ta fito daga bakin da suka raina, ko ta zo da abin da ba su so ji ba, suka ajiye ta gefe suna jiran wata.

Dubi Na'aman a 2 Sarakuna sura 5. Sarkin yaƙin Suriya ne, ga kuturta. Wa ya fara nuna masa hanyar warkewa? Wata 'yar yarinya da aka kamo daga Isra'ila, tana yi wa matarsa bauta. Da ya isa ƙofar Elisha da dawakai da karusai, annabin bai ko leƙo ba, ɗan aike ya turo da saƙo cewa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Na'aman ya fusata, domin ya riga ya tsara a ransa yadda abin zai kasance: annabi zai fito, ya tsaya, ya kira sunan Allahnsa, ya ɗaga hannu bisa wurin ciwon. Barorinsa ne suka lallashe shi ya sauka cikin ruwan. Baiwa, ɗan aike, barori. Duk bakunan da suka kai shi ga lafiya na ƙasa da shi ne, kuma saura kaɗan ya koma gida da cutarsa saboda haka. Shi ya sa nake cewa, kafin ka ce ba ka ji komai ba, ka tuna abin da matarka ta faɗa maka sau uku a watan nan, da tambayar da ɗanka ya yi maka ka rasa amsa, da zargin da wanda ba ya ƙaunarka ya jefa maka ya hana ka barci. Mai magana yana iya zama da mugun nufi, maganar kuwa ta zama gaskiya.

Amma akwai rami a ɗaya gefen, kuma ya fi wannan zurfi. Wanda ya gane cewa Allah yana magana ta hanyar da ba a zata ba, yakan koma yana jin muryarsa a kowane mafarki da kowace lambar mota. 1 Sarakuna 13 ta isa ta tsorata kowa. An ba wani mutumin Allah umarni sarai cewa kada ya ci, kada ya sha a Betel. Wani tsohon annabi ya bi shi ya ce mala'ika ya ce a komo da shi ya ci abinci. Ƙarya ya yi masa. Mutumin ya bar maganar da ya tabbata da ita ya bi sabuwa saboda girman mai faɗinta, zaki ya kashe shi a hanya. Manzo Yahaya ya ce a gwada ruhohi, ga kuwa yadda ake gwajin a aikace.

Ka fara da rubutawa. Sa kwanan wata, ka rubuta ainihin abin da ka ji ko ka gani cikin jimla ɗaya ko biyu, sannan ka ja layi, a ƙasa ka rubuta abin da kake tsammani yake nufi. Wannan layin yana da muhimmanci ƙwarai, domin a nan ne mutane suka fi ɓata. A Ayyukan Manzanni 21, Agabas ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus, ya ce haka za a yi wa mai ita a Urushalima. Saƙon daidai ne. 'Yan'uwa suka ɗora fassararsu a kai, wato kada ya tafi, suna kuka suna roƙonsa. Bulus ya karɓi saƙon, ya ƙi fassarar. In ba ka rubuta ba, bayan mako biyu ba za ka iya raba abin da aka faɗa maka da abin da zuciyarka ta ƙara ba.

Sai ka kai shi gaban Littafi Mai Tsarki. Ba wai ka rufe ido ka buɗe shafi ka sa yatsa ba, wannan duba ne aka sa masa rigar addini. In aya ce ta tsaya maka a rai, karanta surar gaba ɗaya da wadda ke gabanta da ta bayanta, ka tambayi kanka wa ake wa magana, a wane hali. Mutanen Biriya kowace rana suke binciken Nassi don su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, aka kuwa yabe su. Duk muryar da ta ce ka rabu da matarka don wata, ko ka ɓoye gaskiya a harkar kuɗi, ko ka rama, an gama shari'arta a nan, ba sai an yi azumi a kai ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: duba jikinka. Bayan Iliya ya fuskanci annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, ya gudu daga Sarauniya Yezebel da ke neman ransa, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Ubangiji bai yi masa wa'azi a nan ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, bayan iska da girgizar ƙasa da wuta, ya ji 'yar siririyar murya. A wancan halin Iliya ya rantse shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Mai yunwa, mai rashin barci, mai sabon makoki, mai fushi, kada ya yanke babbar shawara da tsakar dare. Ya ci, ya yi barci dare biyu ko uku, ya sake karanta abin da ya rubuta da rana.

Daga nan ka kai wa mutum biyu ko uku da suka manyanta cikin bangaskiya, waɗanda ba su da riba ko hasara a cikin al'amarin, kuma aƙalla ɗayansu ya taɓa ce maka a'a. Sau uku yaro Sama'ila ya ji kira ya ruga wurin Eli, tsohon firist da idonsa ya dushe kuma gidansa ke cikin laifi, amma shi ne ya gane mai kiran ya koya wa yaron amsa. Yadda za ka buɗe baki ma yana da tasiri. In ka ce "Ubangiji ya ce mini", ka toshe musu baki, don wa zai yi gardama da Allah? Ka ce, "Ga abin da nake ji a raina, ku taya ni aunawa."

Alamu biyu da ake yawan jingina da su ba su isa hujja su kaɗai ba. Buɗaɗɗiyar ƙofa ɗaya ce: Yunusa ya sauka Yafa ya tarar da jirgin Tarshish a shirye, ga kuɗin jirgi a hannu. Kwanciyar rai ta biyu: shi dai Yunusan barci mai nauyi yake yi a cikin jirgi ana hadari. Ma'aunin da ya fi su yana Yakubu 3:17, inda aka ce hikimar da ke daga sama tsattsarka ce da farko, mai salama, mai sauƙin kai, mai jin shawara, cike da jinƙai. Ka kuma lura da wannan: in Ruhu Mai Tsarki ya tsauta maka, yakan ambaci laifin da sunansa ya nuna maka wanda za ka je ka nemi gafararsa. Muryar da take cewa kai ba komai ba ne, ba ta nuna laifi ba ta nuna mafita, daga Shaiɗan, mai ƙarar 'yan'uwa, take.

To, in ka yi duk wannan amma gaba tana nan da duhu fa? Raba matakanka gida biyu: waɗanda za ka iya janyewa da waɗanda ba su da komowa. Tambaya, neman bayani, ziyara, rubuta takardar nema, gwaji na wata uku, duk ka yi su yanzu. Ajiye aiki, ɗaura aure, sayar da gida, cin bashi mai nauyi, waɗannan su jira har shaidu su haɗu. Duk muryar da take ingiza ka cewa yau ne ko ba har abada ba, ka yi mata kallon tuhuma. Sarki Saul ya jira Sama'ila kwana bakwai a Gilgal, da ya ga mutane suna watsewa ya miƙa hadaya da kansa, yana gamawa sai ga annabin ya iso. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran, yana da 86 aka haifi Isma'ilu ta dabarar gida, wato ta wurin Hajaratu baiwar matarsa, Ishaku ɗan alkawari kuwa sai da ya cika 100.

Jira kuma ba naɗe hannu ba ne. A Ayyukan Manzanni 16, an hana Bulus wa'azi a Asiya, ya nufi Bitiniya aka sake hana shi, bai zauna ba, ya gangara Taruwasa. A can ne ya ga wahayin mutumin Makidoniya, shi da abokan tafiyarsa suka auna suka tabbata kira ne, suka shiga jirgi. Namiji ya gani a wahayi, amma a Filibi mata ya tarar a bakin kogi, cikinsu har da Lidiya mai sayar da jan alharini. Ba a daɗe ba aka yi musu dūka shi da Sila aka jefa su kurkuku. Don haka in ka yi biyayya sai wahala ta biyo baya, kada ka yi saurin cewa ka ji ba daidai ba. Ɗauko takardar da ka rubuta, ka duba abin da ke saman layi, ko an taɓa yi maka alkawarin sauƙi a ciki. In babu, koma wurin mutanen nan biyu ko uku, ka gaya musu abin da ya faru tun ranar da kuka rabu, ku sake aunawa tare kafin ka juya.