Tsinkar mangwaro a lambunan Miriya

Jama'ar Damagaram, mai zuwa lambu a Miriya don ya tsinko mangwaro da hannunsa, ya yi sammako kafin rana ta take. Don Allah kada a girgiza icce, wanda ya faɗo ƙasa ya bugu, kwana 2 ya ruɓe. A sa gora mai ƙugiya da ƴar jaka. A bar hancin kamar tsawon yatsa, domin ƙaron da ke fita daga hancin yana ƙona fatar mangwaron ta yi baƙi.

Lambun da ake sa takin dabbobi, ba a fesa magani, dole a duba ɗigon baƙi a jikin mangwaron: sau da yawa ƙuda ne ya yi ƙwai, tsutsa na ciki. Irin wannan a binne shi, kada a yar gindin icce. A kwando kuwa, jeri 2 ya isa.