Goshi, ƙofa da kati: aikina da yara masu otizim

Ƙaramar cibiya gare ni, ɗakuna uku da ma'aikata huɗu, inda muke horar da yara masu lalurar otizim, mai shafar magana da cuɗanya da mutane, wadda wasu ke kira galahanga. Kalmar ba ta kwanta mini ba, don lalurori iri-iri ake jibga mata, amma da ita iyaye ke shigowa, sai in karɓa.

Tambayar farko kusan kullum ɗaya ce: "Malama, wata nawa zai yi ya warke?" A nan wasu ke juyawa, domin ba na ɓoye musu cewa babu maganin da ke raba yaro da otizim. Ko maganin risperidone da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006, da aripiprazole a 2009, zafin rai da duka da cutar da kai suke ragewa, ga sa ƙiba da kasala. Wannan hurumin likita ne. Ni koyarwa ce sana'ata.

Makon farko kallo kawai muke yi, da littafi mai gida uku: me ya faru kafin yaro ya nuna halin da ke damun iyaye, mene ne halin, me ya biyo baya. An taɓa kawo mana wani yaro ɗan shekara huɗu da ke buga goshi a bango har wurin ya yi kanta. Kwana biyar muna rubutu, sai ga abin a fili: duk sanda ya buga, wani zai ruga ya buɗe masa ƙofa. Ashe fita yake so, ba bakin faɗa, ya kuma gano goshi ya fi kuka saurin biyan buƙata. Muka yi masa kati mai hoton ƙofa, irin tsarin musayar hoto na PECS da aka ƙirƙiro a Amurka a 1985. Ma'aikaciya ɗaya ta riƙe hannunsa ta baya ya miƙa katin, ɗaya ta buɗe ƙofa nan take. In ya nufi bango, mu tare shi da matashin kai, ba tsawa, ba buɗewa.

Gargaɗin da nake yi wa iyaye tun farko shi ne, halin yana iya ƙaruwa kafin ya ragu. Wanda ya saba danna maɓalli fitila ta kama, ranar da ta ƙi ai ƙara dannawa zai yi da ƙarfi. A wannan gaɓar ce zuciyar uba ko kaka ke karyewa su buɗe ƙofa, aikin wata guda ya bi ruwa. Ba na ganin laifinsu.

Sana'ar nan tana da tabo, gara in faɗa da bakina. Ivar Lovaas, masanin halayyar ɗan Adam wanda bincikensa na 1987 ya yaɗa horon sa'o'i 40 a mako, ya yi amfani da mari har da jonawa yara lantarki a farkon aikinsa. Manya masu otizim da dama sun koka kan yadda aka tilasta musu kallon ido da daina kaɗa hannu. Na saurare su. Yaron da ke kaɗa hannu don samun natsuwa, ba ya cutar da kowa, ba ma taɓa shi. Na sallami ma'aikaciya guda saboda ƙwace wa yaro abin wasansa don ya "yi biyayya".

Sa'o'i biyu yaro ke yi a wurinmu, sauran 22 na gida ne, shi ya sa nake sa uwa ko uba su zauna a ɗakin horo sau ɗaya a mako, katin a hannunsu. Wanda ke buƙatar mai gyaran magana ko mai horar da ayyukan yau da kullum, kamar sa riga da riƙe cokali, in tura shi.

Yaron mai goshi yanzu ɗan littafin katuna yake rataye da shi, kantar ta baje. Bai fara magana ba tukuna, kuma mahaifiyarsa ba ta daina tambayata yaushe ba.