Juma'ar da na biya miliyan goma sha ɗaya a kan iska

Ran Asabar da ta wuce na miƙa wa maigidana Alhaji wayar shagon canji da littafin lissafi, muka yi musabaha, na fito. Shekara shida ke nan tun da na sauka a Agege ta Legas da jaka ɗaya a 2019. 'Yan uwa da muke zama layi ɗaya a Allen sun ji labarin damfarar kirifto da aka yi wa shagonmu ta hannuna, amma daga baki ɗaya suka ji shi. Ga nawa ɓangaren, ko Allah ya sa ya amfani yaran da ake damƙa wa waya yanzu a ce su kula da harkar kirifto.

Kowa ya san yadda USDT, kuɗin kirifto da darajarsa ke bin dalar Amurka, ta shigo teburin canji. Masu sayo kaya daga Chaina ne suka fara tambayarta, mu kuma muka bi kasuwa. A shagonmu ni kaɗai ne na yi boko mai ɗan nisa, saboda haka ni aka ɗora a kai. Ko da Babban Banki ya hana bankuna taɓa kuɗin kirifto a Fabrairun 2021, ciniki bai tsaya ba, sai ya koma tsakanin mutum da mutum, manhaja tana riƙe da kayan mai sayarwa har sai mai saye ya biya. Wannan riƙon shi ne garkuwarmu. Da Binance, babbar manhajar cinikin kirifto, ta cire naira a Maris ɗin 2024, da yawanmu muka watsu cikin guruf-guruf na Telegram da WhatsApp, inda babu mai riƙe wa kowa komai sai kalmar baka.

A irin wannan guruf ne mutumin da ya damfare ni ya samo lambata. Da sallama ya fara, cikakkiya, da Hausa tsantsa ta Kano. Ya ce yana aiki a Dubai, ana biyansa da USDT, yana son amintaccen mutum da zai riƙa canza masa yana tura wa iyalinsa. Ni da nake ganin na gama sanin 'yan damfarar Legas, duk tsarona na tanade shi ne saboda mai zuwa da Turanci da zaƙin baki. Ban taɓa shirya wa wanda zai ce mini "Malam, ya ibada, ya iyali?" ba. Sau huɗu muka yi ciniki cikin wata biyu: dala 200, sai 350, sai 500, sai 1,000. Kullum shi ke fara turowa, kullum kaya lafiya lau. Har akwai ranar da na yi kuskuren ƙara masa naira dubu takwas, ya maido mini kafin in lura, ya ce hakki ba abin wasa ba ne. Daga baya na gane dubu takwas ɗin nan ita ce jarin da ya fi yi masa riba.

Ranar wata Juma'a cikin Agustan 2024, wajen ƙarfe ɗaya saura, ya kira ni ta murya. Ya ce mahaifiyarsa tana asibiti za a yi mata aiki, yana da USDT 7,500, kuma saboda sauri zai bar mini a kan naira 1,560 alhali kasuwa tana wajen 1,600. Kowane ɗan canji ya riga ya buga lissafin a kansa: naira 40 a kowace dala, dubu ɗari uku kafin a idar da salla.

Kuɗin ya fi ƙarfin abin da aka yarje mini in biya ni kaɗai, sai na kira Alhaji. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan ne na Dubai, amma adadin da yawa, ko mu bari sai an sauko daga masallaci in duba a natse?" Abin da ya ce mini har yau yana kunnena: "Kai yaro, kasuwa ba ta jiran mai nawa. In ka ga kaya sun shigo ka biya shi, kada ka bari ya kufce."

Kaya ba su shigo ba. Na jira minti biyar, na gaya wa mutumin. Ya ce layin Tron, hanyar da ake turo USDT ɗin ta kai, shi ne ya cunkushe, amma kuɗin suna cikin walat ɗina, wato asusun kirifto na cikin waya, ga wasu lambobi in kwafa in liƙa a wurin ƙara sabon koyin, wato sabon nau'in kuɗin kirifto, za su fito. Da yatsana na kwafa, da yatsana na liƙa. Nan take allo ya nuna USDT 7,500, da sunan da koren tambarin da komai. Ladan yana kiran salla, mutumin yana turo saƙon murya yana cewa likita na jiransu. Na tura naira miliyan 11 da dubu 700 zuwa asusu uku da ya ba ni, babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa, na tafi masallaci da farin ciki.

Ga abin da ban sani ba a ranar, kuma nake roƙon duk mai riƙe da wayar shago ya sani. Kowa na iya ƙirƙirar koyin a kan Tron ko wani layin da kuɗi kaɗan, ya raɗa masa sunan da ya ga dama, har da USDT. Sunan ba shi ne kuɗin ba. Abin da ke bambanta na gaskiya, wanda kamfanin Tether ke fitarwa, shi ne adireshin kwantiraginsa, wato lambar shaidarsa a kan layin, kuma ana iya duba shi a shafin Tronscan cikin minti ɗaya. Lambobin da ya ba ni na kwantiragin jabun da suka haɗa ne. USDT ta gaskiya ba ta buƙatar mai turowa ya koya maka yadda za ka gan ta. Da na tura abin zuwa asusunmu na manhajar ciniki na jira ya zauna kafin in biya, da asirinsa ya tonu a wurin. Haka na yi bayan la'asar, lokacin da wayarsa ta riga ta mutu, hotonsa ya ɓace daga Telegram.

Mun kai ƙara banki, mun kai wa 'yan sanda. Kuɗin sun riga sun rarrabu zuwa wasu asusun tun kafin a yi sallama a masallaci.

Asarar ta yi mini ciwo, amma abin da ya biyo baya ya fi ta. Da dattawan layi suka zauna a kan maganar, Alhaji ya ce bai san da cinikin ba sai bayan an gama. A gaban mutanen da suka girme ni ya faɗa, yana kallon ƙasa. Na nuna kiran da na yi masa a waya, ƙarfe ɗaya saura minti tara, na tsawon daƙiƙa 48. Ya ce gaisuwar Juma'a ce. Wa zai ƙaryata mai furfura saboda yaron shago? Akwai ma wanda ya raɗa cewa wataƙila da haɗin bakina, kuma Alhaji ya ji, bai ce uffan ba. Shekara biyar ina kwana da makullin shagonsa, ko sisi bai taɓa ɓata ba. A cinikin huɗun farko da aka ci riba, ban ji ya ce bai san mutumin Dubai ba.

Aka yanke in ɗauki rabi, miliyan 5 da dubu 850. Na sayar da filin da na saya a Funtuwa da niyyar gini, na sayar da babur, saura kuma aka riƙa cira daga abin da nake samu har wata goma sha huɗu. Wasu sun ba ni shawara in tsallake in tafi gida, wa zai bi ni? Na ƙi. Da na gudu, da raɗar nan ta zama gaskiya a bakin mutane har abada. Laifin liƙa lambobin nawa ne, ban taɓa musun wannan ba, kuma na biya shi har kwabon ƙarshe. Na umarnin kuwa yana wuyan mai shi, akwai ranar da za a yi wannan lissafin.

Sati biyu bayan abin, wani ya rubuto mini cewa shi ƙwararre ne wajen dawo da kuɗin kirifto da aka sace, in biya dala 300 na fara aiki, in kuma ba shi kalmomin sirri goma sha biyun nan da ke buɗe walat. Ta yaya ya san an cuce ni? Su ne dai suka dawo kalen abin da ya rage. Kalmomin nan ko wanda kuka fito ciki ɗaya ba a ba shi, balle baƙo. A Disambar shekarar kuma EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Victoria Island, cikinsu har da 'yan Chaina 148, bisa zargin damfarar soyayya da ta zuba jari a kirifto. Da na ga hotunan kwamfutoci jere a kan tebura kamar ofis, sai na daina mamakin haƙurin da mutumina ya yi na wata biyu. Aiki ne ake zuwa da safe a tashi da yamma.

Lokacin da dandalin zuba jari na CBEX ke tashe da alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, mutum huɗu a layinmu sun zo sun tambaye ni a ɓoye, har da wanda ya yi waccan raɗar. Na ce musu su tuna MMM mai irin wannan alkawari da yadda ta ƙare a Disambar 2016. Uku sun ji. Da CBEX ta rufe a Afrilun 2025, na huɗun bai sake haɗa ido da ni ba, ni ma ban tayar masa da maganar ba.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Hoton rasit ba alat ba ne, alat ma ba kuɗi ba ne sai ka buɗe asusu ka gani. Sunan mai asusu ya dace da na wanda kake ciniki da shi, in ba haka ba a fasa. Farashin da ya fi na kasuwa daɗi, musamman in ya zo da asibiti ko jirgin da zai tashi, a ajiye waya a je a yi alwala tukuna.

Yaron da ya gaje ni ɗan Gusau ne, bai fi shekara ashirin da biyu ba, kuma yana da kaifin kai. Kwana uku na zauna da shi ina nuna masa Tronscan da yadda ake gwada kaya kafin a biya. A rana ta ƙarshe na ja shi gefe na ce, "Ƙanena, duk cinikin da ya wuce miliyan ɗaya, kada ka karɓi umarni ta kira. Ka ce maigida ya turo maka saƙon murya, ka ajiye shi." Ya tambaye ni ko Alhaji ba zai ji haushi ba. Na ce zai ji, ka dai ajiye.

Motar Funtuwa tana tashi daga Agege gobe da yamma, na riga na kai kayana tasha.