Alhamdulillahi, kwamfutar ta farka lafiya

Jama'a, an gama. Sati uku cif muna abu ɗaya da kwamfutata, in ta farka daga barci sai abin da ke cikinta ya hargitse, jiya kuwa sau ashirin na rufe murfinta, sau ashirin ta farka ba abin da ya taɓu. Jikina duk ya mutu, amma ba zan kwanta ban yi godiya ba.

Kun dai san ta, ThinkPad X230 ɗin nan 'yar 2012 da na sa wa coreboot, manhajar da ke tada kwamfuta a madadin BIOS. Abin da ya ɗaure min kai, memtest86+, manhajar gwajin RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta), ya kwana yana gudu bai ga kuskure ko ɗaya ba. Ɓarnar sai a barcin S3, lokacin da wuta ke yankewa daga kusan komai, a bar RAM tana riƙe da abin da ke cikinta ita kaɗai. Ni kuwa na kafe a kan laifin coreboot ne, tunda in ta farka ba ya sake auna RAM, ma'aunin da ya adana tun farko yake ɗauka. Sau uku ina maƙala na'urar rubuta firmware ta CH341A ina sake rubuta coreboot a banza.

Ban manta daren da na buɗe babi na huɗu na kundin digirina na ga lambobi sun hargitse ba, kuma lalataccen na riga na kwafa a filas. Zama na yi a ƙasa, hannuna na rawa.

Maigidana na Farm Centre ya hana ni faɗin sunansa, amma Malam, ka yi haƙuri, kowa ya san kai ne. "Kawo ta nan, ɗana," kawai ya ce. Ya kwance tasa kwamfutar da yake cin abinci da ita, ya zare RAM ɗaya ya sa a tawa a madadin nawa. Muka loda babban fayil cikin RAM, muka ɗauki lambar sha256 ɗinsa wadda ke canzawa in fayil ya taɓu ko kaɗan, muka kwantar da ita, muka tashe ta. Lamba ta zo daidai. Ashe ɗaya cikin nawa biyun ne ke zubar da kaya in an yi barci. Kwana tara yana lallaɓa aiki da rabin tasa, ko sau ɗaya bai tambaya ba.

Allah ya saka masa da Aljanna, ya jiƙan mahaifansa, ya albarkaci zuri'arsa, ya buɗa masa ta inda bai zata ba. Ƙanwata Auta da ta tono min tsohon babin a WhatsApp, Allah ya ba ki abin da kike nema. 'Yan uwan da na yi ta kira ba a ɗauka, ba komai, na san hidima ta yi yawa.

Gobe da sassafe zan mayar wa Malam kayansa.