Tatsar ciyawar teku don abincin jatanlande: inda aikin ke lalacewa

Jatanlande ba a yi mata allurar rigakafi kamar kifi, domin jikinta ba ya ƙera sinadaran da ke tuna cuta. Tun da cutar farin tabo, mai kashe jatanlande, ta ɓulla a gabashin Asiya a 1992, masu kiwo a Tailan, Biyetnam da Indonesiya ke neman abin da zai ƙarfafa garkuwarta ta hanyar abinci. Nan ciyawar teku ta shigo. Daga mai launin ruwan ƙasa, irin su Sargassum, ake tatso sinadaran fukoidan da aljinet. Daga ja kuma karajinan. Waɗannan sinadarai su ne tatsar da ake sawa a abincin.

Babban darasin shi ne, ba a kwalba ake gane amfanin tatsar ba, sai a jikin ƙwayar abincin. Tarwadar da ake kiwo a nan Sakkwato wawurar abinci take yi, ta haɗiye nan take. Jatanlande kuwa riƙe ƙwaya take da ƙananan ƙafafunta tana tsakura, sauran kuma na kwance a ƙasan tafki awa guda ko fiye. Sinadaran tatsar suna narkewa a ruwa, saboda haka idan an fesa su kawai an zuba, ruwa aka ciyar. Yadda ake yi: a narka garin tatsar cikin ruwa kaɗan, a fesa daidai wa daida ana juya abincin, a shanya a inuwa har ya sha iska, sannan a shafe shi da man kifi ya zama murfi. A inuwa fa, ba a rana ba. Kuma kada a haɗa fiye da na yini guda, damshi na jawo fumfuna.

Sai awo. Tatsa 'yan giram ake sawa a kilo ɗaya na abinci. Garin ciyawar da ba a tace ba, idan ya haura kashi 10 cikin 100, girma yakan ja baya, saboda ya cika toka (wato gishiri da ma'adinai) da ɓawo, furotin kuwa kaɗan ne. Sargassum ɗin da teku ke jibgewa a gaɓar Legas tun 2011 yana tara gubar arsenik, bai dace a kwaso a niƙa ba tare da gwaji ba.

Ɗalibin da zai gwada wannan a kan tarwada ko karfasa, ya ware tanki biyu masu kifi iri ɗaya, ɗaya da tatsa ɗaya babu, ya riƙa auna nauyi da mace-mace duk mako har sati takwas.