Abin da ya hana ni zama a Vilcabamba

Har gobe ina son garin nan, shi ya sa abin yake ci mini rai. Da na ajiye aiki a Amurka, lissafi ya nuna ƙarara cewa fanshona ba zai riƙe ni da Hajiya a can ba, ga hunturu ya riga ya gama da gwiwoyina. Wani abokin aiki ne ya ambata mini Vilcabamba, ƙaramin gari a lardin Loja da ke kudancin Ekwado, cikin duwatsun Andes. Muka je, muka kama hayar gida.

Duk alherin da aka faɗa mini na same shi. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,500, babu zafi babu sanyi, ba ka neman fanka balle na'urar ɗumama ɗaki. Dalar Amurka ce kuɗin ƙasar tun shekarar 2000, ba ruwanka da canji. Bizar 'yan fansho tana neman kuɗin shiga ninki uku na mafi ƙarancin albashi, wato dala 1,380 a wata a 2024, nawa kuma ya haura haka. Labarin cewa mutanen kwarin suna wuce shekara 100, wanda mujallar National Geographic ta yayata a 1973, masu bincike sun bi takardun coci daga baya suka ga tsofaffin ƙara wa kansu shekaru suke yi. Bai dame ni ba, tsawon rai yana hannun Allah. Ɗauke wutar ƙarshen 2024, lokacin da fari ya janye ruwan madatsu har ana kai awa 14 babu lantarki, mun jure. Naman alade da kitsensa da ke shiga abinci iri-iri ma mun san yadda muka yi, kaza nake saya da ranta in yanka da hannuna.

Har na ba da kafin alƙalami a kan wani fili mai kallon dutsen Mandango, na biya lauya ya fara haɗa takardun zama. Sai wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu, mutumin kirki da yakan aiko mana da ayaba daga gonarsa. Muka je gaisuwa, muka raka su makabarta. Ina tsaye aka ɗaga akwatin aka tura shi cikin wani rami a jikin bango, sama da ƙasa duk irinsa ne a jere. Magini ya matso da bulo da kwaɓaɓɓen siminti, ya toshe bakin a gaban 'ya'yansa suna kuka. Al'adarsu ce, kuma cikin mutunci suka yi ta. A hanyar komawa gida Hajiya ta ce, "Alhaji, in kai ne fa? Ni zan iya yi maka wanka, amma wa zai ɗauke ka, wa zai yi sahu a bayanka?"

Ban runtsa ba a daren. Masallatan da na sani suna Quito, babban birnin ƙasar, da birnin Guayaquil, Quito kuwa tafiyar kusan awa 12 ce a bas. Filin jirgi yana Catamayo, sai ka wuce birnin Loja kafin ka kai. Ranar Juma'a azahar nake yi a ɗaki, ina ce wa kaina lalura ce, ashe babbar lalurar tana gaba. Da na tambayi Turawan da suka yi ritaya a garin, yawancinsu ƙona gawa suka zaɓa, sun ma rubuta wasiyya. Mai shekara irin tawa da ya ce zai ƙare rayuwa a wani gari, ai kabarinsa ya zaɓa, mu kuma gawa ba ta jira.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk bidiyon da na kalla, duk dillalin da na zauna da shi, zancensu kuɗin haya, kuɗin likita, saurin intanet. Babu wanda ya taɓo wannan. Kafin alƙalamin bai dawo ba, kuɗin lauya ma haka, kuma ba ƙananan kuɗi ba ne ga ɗan fansho.

Duk Musulmin da ke wannan tunani, kafin ya ga fili ko ya ga lauya, ya fara sauka a Quito ya zauna da jama'ar masallaci. Ya tambaye su ina suke binne mutanensu, wa ke wanka da likkafani, yaya ake ɗauko gawa daga wani lardi, nawa ne kuɗin. Ya zauna a haya, kada ko sisi ya fita da sunan saye sai ya sami amsar da shi da iyalinsa suka gamsu da ita. Ya kuma koyi Sifaniyanci sosai, don matar da aka bari da gawa ita za ta yi magana da asibiti da hukuma.

Yanzu ɗanmu yana duba mana gida a Jos, tunda tsayinta ya kai mita 1,200 kuma iskarta za ta yi wa jikina daidai. Hajiya ta fi son Kano kusa da 'yan'uwanta, muna nan muna shawara.