Lambar 4.4 da na ja wa layi

Shekara uku na yi ina riƙe agogo a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, ina auna gudun 'yan wasan ƙwallon Amurka. Makon jiya na miƙa mabuɗin ofis. A duk zaman da na yi, abu ɗaya ne ya ƙi barin raina.

A shekarata ta farko yara biyu masu karɓar ƙwallo suna neman gurbi ɗaya. Koci ya ce in jera masa su bisa gudun yadi 40. Ɗaya ya yi daƙiƙa 4.4, ɗayan 4.7. Na sa mai 4.4 a sama, har na ja masa layi. Alhali na kalli bidiyon ɗayan, na ga yadda yake taka birki ya juya cikin taku biyu, mai tsaronsa ya wuce yana laluben iska. Na gani da idona, na kama bakina, don lamba ta fi sauƙin karewa a gaban manya. Aka sallami mai 4.7. Har yau ina ganinsa a ɗakin canza kaya yana cusa takalmansa cikin jaka, bai ce wa kowa uffan ba.

Da aka fara kaka, gaskiya ta yi halinta. A gwaji yaro yana cikin gajeren wando, hannu a ƙasa, shi ke zaɓar lokacin tashi, hanya miƙe ɗoɗar, babu mai taɓa shi. A fili kuwa ga hular kwano, ga kayan kariya a kafaɗa, ga ƙato a gabansa yana tokare masa ƙirji. Sai ya jira a saki ƙwallo, ya karanta tsayuwar masu tsaro, ya karya kwana bayan yadi goma ko sha biyu, ya waiwayo. Yaron namu mai 4.4 tun daga nesa yake rage gudu in zai juya, kowa ya san inda ya nufa. Bayan wasa na huɗu, koci ya tsayar da bidiyo a gaban ma'aikata duka, ya nuna ni, ya ce ni na kawo musu wannan. Shi da ya ce gudu kaɗai yake so a duba. Laifina na ɗauka, amma nasa ma a kaina ya sauke, kuma har na tafi bai taɓa tada maganar ba.

Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne misalin yana nan a fili. A gwajin da NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka ta ƙwararru, ta yi wa sababbin 'yan wasa a 2017 a Indiyanafolis, John Ross ya yi 4.22, ƙungiyar Bengals ta ɗauke shi na tara a zaɓen sababbin 'yan wasa. Cooper Kupp ya yi 4.62, sai a zagaye na uku na zaɓen ƙungiyar Rams ta ɗauke shi. Ross bai kama ƙwallo ko ɗaya ba a kakarsa ta farko, raunuka ma suka yi ta damunsa. Kupp kuwa a 2021 ya kama ƙwallo sau 145, yadi 1,947, ya kuma zama gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin kakar.

Ban ce agogo ƙarya yake yi ba. Chris Johnson ya yi 4.24 a 2008, a 2009 ya ruga yadi 2,006. Amma wa ya ƙirga sau nawa ɗan wasa yake samun yadi 40 a miƙe cikin wasa guda?

Sauran abin da na koya gajere ne. Agogon da ake dannawa da hannu yana rage wa yaro lokaci, kada a haɗa shi da na na'ura a takarda ɗaya. Yadi goma na farko da gwajin zagaya alamomi uku sun fi faɗa mini yadda mutum zai kasance a fili. NFL ma yanzu na'ura take sa wa a kayan kafaɗa, tana auna gudun a tsakiyar wasa.

Daga waccan shekarar ban sake miƙa lamba ba tare da bidiyo ba, ko da koci ya ɓata rai. Yara biyu da na tsaya wa haka suna cikin sha ɗayan farko a bana. Kocin yana nan a kujerarsa. Wancan yaron da aka sallama kuwa na rubuta masa saƙo sau biyu, bai amsa ba.